Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia: ƙarafan suna nan, labarin garin ne sai ka zo da shi

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, ko direban tirela ne ko falken shanu mai sauke kaya a kasuwar Lokpanta, ya wuce ta gefen Umuahia. Kaɗan ne ke ratsewa su shiga. Ga shi kuwa a cikin garin nan, a Ebite Amafor, ta wajen hanyar da ta nufi Uzuakoli, akwai wurin da ya fi ko'ina a Najeriya tara kayan yaƙin basasa: Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1985, yake kuma ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi. Ya cancanci a ware masa yini guda cur. Sai dai an tsara shi ne bisa nau'in makami, na ƙasa a nan, na sama a can, na ruwa a gefe, ba bisa yadda faɗan ya gudana ba. Wanda ya shiga bai san yadda aka yi yaƙin Umuahia ba, zai fito da hotunan ƙarafa cike da waya, kansa kuwa ba labari. Don haka kafin a kai ga tikiti, ga abin da ya kamata mai ziyara ya riƙe.

Inugu ce hedikwatar Biyafara lokacin da Ojukwu ya yi shelar ɓallewa ranar 30 ga Mayu 1967. Ba ta jima a hannunsa ba. Sojojin tarayya suka shige ta ranar 4 ga Oktoba, gwamnatin Biyafara ta tattara komatsanta ta koma Umuahia, ta zauna wata 18. Garin na tsakiyar ƙasar Ibo, layin dogo ya ratsa shi, yana da babban asibiti da manyan makarantu da za a iya mayarwa ofisoshi, sannan tuddai da kwazazzabai da dajin kwakwar manja sun kewaye shi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba sojan tarayya wahala. Motar sulke ba ta iya barin kwalta ta shiga irin wannan daji, kuma hanya ɗaya tilo mutum goma masu nakiya sun isa su tsare ta.

Sau biyu aka yunƙuro wa garin. Na farko daga kudu ne, a watan Satumba 1968, ƙarƙashin Kanar Benjamin Adekunle na runduna ta uku. Ya sa wa farmakin suna OAU, wato Owerri, Aba, Umuahia. Aba ta faɗi ranar 4 ga Satumba, Owerri ranar 16, amma na ukun ya gagara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ya raba mayaƙansa a fage mai faɗin da ya fi ƙarfinsu, hanyar kawo harsashi daga Fatakwal ta yi tsawo, kuma daidai lokacin makaman Faransa suka fara kwararo wa Biyafara ta Gabon da Kwaddibuwa, ana sauke su cikin dare a filin jirgin Uli, wanda asalinsa titin mota ne aka faɗaɗa.

Na biyu daga arewa ya zo, daga runduna ta ɗaya ta Kanar Muhammadu Shuwa, mutumin Borno. Salon Shuwa ya sha bamban da na Adekunle. Ba ya gaggawa: a tara harsashi tukuna, atilare ya yi luguden wuta, a matsa kaɗan, a tsare bayan, sannan a sake matsawa. An fara ranar 27 ga Maris 1969. A farkon Afrilu aka kama Uzuakoli, inda Biyafara ke da matatar mai, amma mayaƙanta suka juyo da martani mai zafi, kuma a wannan yankin ne aka raunata Ibrahim Babangida yana jagorantar bataliya ta 44. Mamman Vatsa ma na cikin kwamandojin bataliya a farmakin. Tsakanin Uzuakoli da Umuahia bai kai kilomita 20 ba, amma sai da aka shafe kusan mako uku, aka haɗa da ɓullowa ta wajen Bende, kafin garin ya faɗi ranar 22 ga Afrilu 1969.

Abin da yawancin mutane ba su riƙe ba shi ne abin da ya biyo baya kwana uku kacal. A Owerri, birged ta 16 ta sojan tarayya, ta Kanar Etuk, ta yi watanni a kewaye, ana jefa mata abinci da harsashi daga jirgin sama, wani kason yana faɗawa hannun abokan gaba. Ranar 25 ga Afrilu Biyafara ta ƙwace Owerri. An ci hedikwata, an rasa babban gari, yaƙin kuma ya ƙara kusan wata tara. A watan Mayu Gowon ya sauya kwamandojin rundunonin uku, Obasanjo ya karɓi ta uku daga Adekunle, Bisalla ya karɓi ta ɗaya daga Shuwa. Sai a ƙarshen Disamba rundunonin biyu suka haɗe a wajen Umuahia suka tsaga abin da ya rage na Biyafara. Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya yi jawabin ajiye makami ranar 12 ga Janairu 1970, aka kammala a barikin Dodan da ke Legas ranar 15.

To, da wannan a kai, a shiga gidan.

A fara da filin waje da sassafe, kafin rana ta take ko hadari ya haɗo. Nan ne ƙarfin gidan yake, kuma nan ya kamata a fi daɗewa. Hanya mafi amfani ita ce a riƙa gwama kayan ɓangarorin biyu, kada a kalli kowanne shi kaɗai. A tsaya gaban motocin sulken da aka sayo daga waje: Saladin ta Ingila mai ƙafa shida da igwa mai bakin milimita 76, Ferret ƙarama mai ƙafa huɗu ta leƙen asiri, da Panhard ta Faransa. Akwai wadda ake kira Oguta Boy, wadda mayaƙan Biyafara suka kama a faɗan Oguta suka juya bakinta. Sannan a matsa ga waɗanda ake kira Red Devil, na ƙirar gida. A duba layin waldar da kyau. Farantan ƙarfe ne aka yanka aka liƙa a kan gindin tsofaffin motoci masu sarƙa, aka bar 'yan tsagogi na leƙe. Duk maƙeri ko mai walda zai gane matsalar da kallo ɗaya: ƙarfen gini ba ƙarfen sulke ba ne, in ana so ya tare harsashi sai an ƙara kauri, kauri kuma nauyi ne da injin bai san da shi ba. Motar ta zama mai nawa, cikinta kamar tanda, direba ba ya ganin gefensa. Duk da haka an shiga fage da su, kuma wanda ya tsaya kusa da ɗaya ya yi tunanin samarin da aka rufe a ciki, jikinsa zai yi sanyi.

Kusa da su akwai ogbunigwe, wadda sunanta ke nufin mai kashe jama'a da yawa, sojoji kuma suka laƙaba mata bokitin Ojukwu. Nakiya ce ta gida da sashen bincike da ƙere-ƙere na Biyafara ya yi, mai watsa tarkacen ƙarfe gaba guda. Sunanta ya fi fita ne bayan kwanton ɓaunar Abagana ranar 31 ga Maris 1968, inda ayarin motocin runduna ta biyu ta Murtala Muhammed ya ƙone a hanyar Anaca, wutar ta kama tankar mai ta bi sauran. Tsofaffin sojoji da yawa a Arewa ba su manta da sunan Abagana ba har suka koma ga Allah.

Kada a wuce tukunyar tace mai, ko da yake ba ta da kwarjinin igwa. Bayan Fatakwal ta faɗi a watan Mayu 1968 Biyafara ta rasa matatarta, sai aka koma dafa ɗanyen mai a tukunyar ƙarfe. Tururi ya tashi ya bi bututu, ya huce ya zama ruwa: fetur ne ke fara fitowa, sai kananzir, sai man dizal. Inda abin ke ɓaci shi ne wajen zafi. In ba a iya daidaita wuta ba sai kananzir ya gauraya da fetur, inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana hayaƙi, fulogi ya toshe. Da irin wannan mai aka riƙe motoci har ƙarshen yaƙin, kuma shi ya sa asarar Uzuakoli ta yi musu ciwo ƙwarai.

A ɓangaren jiragen sama ma gwamawar ce ke koyarwa. Ga Ilyushin 28 ta Tarayyar Sobiyat, mai inji biyu da ma'aikata uku, mai iya ɗaukar bom har tan uku, irin wadda matuƙan Masar suka tuƙa wa Najeriya. Ga MiG 17, wadda rukunin farko na irinta ta filin jirgin Kano ya shigo ƙasar a watan Agusta 1967. Sai ga ɗan ƙaramin jirgin Suwidin na koyon tuƙi, MFI 9B, mai kujera biyu da inji mai ƙarfin doki 100, wanda aka ɗaura wa rokoki shida a kowane fiffike. Biyar irinsa wani matuƙin jirgi ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara, harinsu na farko kuma a filin jirgin Fatakwal ne ranar 22 ga Mayu 1969. A lura da kwanan watan: wata guda ke nan bayan faɗuwar Umuahia. Ƙaramin jirgin nan bai kare garin da yake zaune a cikinsa yau ba. Babban kuwa, Ilyushin, a gaya wa yara gaskiya a kansa, irinsa ya jefa bom a kasuwanni da asibitoci, mata da ƙananan yara suka mutu. Jirgin ruwan NNS Bonny shi ma yana nan a kan tudu, yana tuna cewa toshe teku da kama Bonny a watan Yuli 1967 su ne mafarin yunwar da ta biyo baya.

Babban aibin filin nan tsatsa ne, kuma ba abin mamaki ba ne. Yankin Umuahia na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, ga raɓa da laima kusan kullum. Ƙarfen da aka bari a irin wannan yanayi daga ciki yake mutuwa: ruwa ya shiga ta ƙofar sama ya kwanta a ƙasan motar, ya cinye farantin daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Taya ta tsage ta zauna, nauyin ya koma kan gindi. A jikin jirgi kuwa, inda ƙusar ƙarfe ta haɗu da alminiyam sai wurin ya yi farin gari ya ruɓe, gilashin matuƙi ya dushe. Shafa sabon fenti a kan tsatsa ba magani ba ne, rufe ciwo ne kawai, yana ma riƙe laimar a ƙarƙashi. Gyaran da ake buƙata sananne ne: rumfar da ta rufe kowane kaya har gefe, a ɗaga motoci a kan dirka taya ta bar ƙasa, a huda mafitar ruwa a ƙasansu, a kankare har sai an ga farin ƙarfe, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa kafin launi. Saladin in ta lalace akwai 'yan uwanta a wasu ƙasashe. Red Devil in ta ruɓe, ta tafi ke nan har abada.

Daga nan a shiga ɗakunan ciki, guda uku. Na makaman gargajiya ba ya ɗaukar lokaci: masu, kwari da baka, garkuwa, adduna, bindigar toka. Na rundunonin soja yana da kaki da lambobin girma da hotunan hafsoshi, kuma Bahaushe na da dalilin tsayawa, domin sojan Najeriya na lissafa asalinsa ne daga ƙaramar rundunar da wani hafsan Ingila, Glover, ya haɗa a Legas a 1863, wadda aka sani da Hausawan Glover, kuma shekaru masu yawa da Hausa ake ba da umarni a bariki.

Na ukun, na yaƙin basasa, shi ne ake zuwa dominsa. Yana haɗe da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gidan rediyon Muryar Biyafara ya ɓuya. Rediyon nan makami ne na gaske: ko bayan an bar Inugu yana ci gaba da cewa daga Inugu yake magana, muryar mai gabatar da shirye-shiryensa Okokon Ndem kuma ta riƙe zukatan mutane a lokacin da fagen daga ke ta tsukewa. Tsofaffin na'urorin da hotunan manyan ɓangarorin biyu suna nan. Akwai kuma hotunan yaran da ciwon yunwa ya kama, ciki a kumbure, gashi ya yi ja, ƙafa kamar sillen kara. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya bambanta, daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, amma babu saɓani cewa yunwa ta fi harsashi kisa. Wanda ya zo da ƙananan yara ya fara shiga shi kaɗai ya gani, sannan ya yanke shawara. A riƙe tocila ko a cika cajin waya, domin in wuta ta ɗauke ƙarƙashin ƙasa duhu ne ƙirin, matakalar kuma tana iya yin santsi da damina.

Reshen gidan yana wani ɓangare na gari, a unguwar gwamnati kan titin Michael Okpara: maɓoyar Ojukwu, mai zurfin kusan mita 8, da ɗakuna da hanyoyin fita na gaggawa, wadda aka gina a 1968. Minti talatin sun isa. Mai ciwon gwiwa ko mai jin ƙuncin numfashi a matsattsen wuri ya tsaya a sama.

Yadda gidan ke tuna yaƙin ya bi maganar Gowon ta 1970 cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci. An ajiye kayan kowa gefe da gefe, ba a zagi kowa ba. Wannan adalci ne, kuma shi ya sa mutumin Katsina da mutumin Nnewi za su iya zagayawa tare. Amma tsadarsa shiru ne a kan abubuwan da suka fi ciwo, sai mai ziyara ya cike da kansa. Ranar 15 ga Janairu ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ita ce ranar da yaƙin ya ƙare, kuma ita ce ranar da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari a 1966. Mutumin Arewa da wannan yake shigowa. Mutumin Umuahia kuwa da nasa yake shigowa: shugaban ƙasa na soja Aguiyi Ironsi ɗan garinsu ne, an kashe shi a juyin mulkin 29 ga Yuli 1966, an kashe dubban 'yan uwansa a garuruwan Arewa a watannin Mayu da Satumba da Oktoba na shekarar, an yi kisan Asaba a Oktoba 1967, bayan yaƙi kuma fam 20 aka ba masu ajiyar kuɗin Biyafara a banki komai yawan abin da suka ajiye. Duka biyun gaskiya ne. Bahaushen da ya san nasa kawai, rabin labari ya sani, haka shi ma ɗan uwansa na can. An kuma yi shekaru darasin tarihi ba ya cikin manhajar ƙananan makarantu, abin da ya sa samari da yawa na kowane ɓangare daga Facebook suke koyon yaƙin.

Rashi na biyu ya fi shafar iyalan ƙananan sojoji. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kai kusan 250,000 a ƙarshensa, kuma da yawa daga cikin kuratan 'yan ƙauyukan Arewa ne, Hausawa da Barebari da Tibi da mutanen Filato da kudancin Zariya, waɗanda aka ba horon 'yan makonni aka tura dajin da ba su taɓa gani ba. Hotunan gidan na manya ne. Kada wanda kakansa bai dawo ba ya zo da tsammanin samun sunansa a bango. Babban taswira guda a bakin ƙofa mai nuna Okigwe, Uzuakoli, Bende da Owerri da kwanan watan kowanne, da allunan bayani cikin Hausa da Ibo da Yarbanci ban da Turanci, da ɗaki guda na muryoyin tsofaffin kuratan ɓangarorin biyu, za su ninka amfanin wurin ba tare da an sayo ko bindiga ɗaya ba. Waɗanda suka yi yaƙin suna da shekara 20 yau sun haura 75, lokacin naɗar muryarsu na ƙurewa.

A ɗauki ɗan jagora daga ma'aikatan gidan, kada a yi rowar wannan, domin rubutun wasu allunan waje ya koɗe. A yi masa tambayoyi masu kai: wannan motar a ina aka kama ta, wace runduna ce ta yi amfani da ita, kafin Afrilu 1969 ne ko bayansa. A nemi izini kafin ɗaukar hoto a ɗakunan ciki, a riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Awa uku ga babban gidan, ɗaya ga zuwa maɓoyar da dawowa. Mai zuwa ta jirgi ya sauka a Owerri, daga nan tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce a mota. A cikin gari Keke Napep ya isa, a ce masa "War Museum" zai gane. Akwai Hausawa mazauna garin da masallaci, sallah da abinci ba za su zama damuwa ba. Rani ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A kauce wa ranar Litinin, saboda zaman gida da aka riƙa tilastawa a yankin tun 2021, haka ma 30 ga Mayu, a kuma tambayi mutanen da ke can halin da hanya take ciki kafin a taso. A wurin, a rage muhawarar siyasa da baƙi, domin wanda ke tsaye kusa da kai gaban hoton yaran nan wataƙila ƙanwarsa yake tunawa.

In lokaci ya rage kuma mutanen gari sun ce hanya lafiya, a ɗauki mota a bi titin Uzuakoli da rana, a hankali. A riƙa duban yadda kwalta ke hawa tana gangarawa, yadda daji ke matsowa har bakin hanya, da inda kowace kwana ke ɓoye abin da ke gabanta. Tafiyar ba ta wuce rabin awa, ita ce wadda ta ci runduna ta ɗaya mako uku.